Tsohon injin katakon Baba, muna so mu mai da shi gidan haya

Ɗan Akwatia Line: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana tsohon injin katako a nan Kumasi, ƙasar Ghana, tun da gungume ya yi wuya aka rufe shi. Bango mai kauri, tsayinsa ya kai mita shida, rufin asbestos. Ina so in yanka shi ɗaki da falo guda biyar. Ba maganar rushewa, yayyena mata sun ƙi. Takardar filin ta shekara 50 ce, saura 9. Wanda ya taɓa irin wannan aiki, da me ya fara?

Hajiyar Sawaba: Allah ya jiƙan Baba. Ɗana, ka rushe shi kawai ka ɗora bene.

Birkila: Kada ka bar yara su hau rufin nan da guduma, ƙurarsa cuta ce ga huhu. A jiƙa shi, a kwance ɗaya bayan ɗaya. Siminti kuwa sidi 105 na sayi buhu jiya.

Kawun Aboabo: Ƙanena, zauna ka ji. Irin wurin nan na saya da guminan shekara ashirin na tuƙin tirela. Na yanka ɗaki shida, na sa tayil, na shafa fenti, mutane suka shiga. Damina ɗaya daɓe ya fara lotsawa. Da muka haƙa, ashe ƙarƙashin duk dusar katako ce da aka daɗe ana jibgewa, ta ruɓe, gara ta yi gari a ciki. Bangon da na raba ɗakunan da shi ya tsage har kana hango ɗan haya yana cin waakye, wato shinkafa da wake. Ɗakunan tsakiya ba taga, da rana ma sai an kunna wuta. Sai ga jan fenti a bango, wai a dakata, takardata ta wurin sana'a ce ba ta gidan zama ba. Daga nan masu ƙasa suka aiko a sabunta yarjejeniya, goron da suka yanka ya fi kuɗin rufin. Birkilan da ya ce min ƙasar lafiya lau take har yau muna haɗuwa a masallacin Juma'a, sai ya kau da kai.

Mai Shagon Asawase: Sidi 105 a ina? Mu 120 muke sarowa, ban da kuɗin aboboyaa, babur mai ƙafa uku na dakon kaya.

Birkila: To kai ake cuta, Alhaji.

Injiniya a Ingila: A Mancesta, unguwar Ancoats, masaƙun auduga da suka haura shekara 200 sun zama gidaje masu tsada. Da wannan tsayin za ka iya yin ɗakin kwana a sama. Amma a fara gwada ƙasa.

Kawun Aboabo: Yaro, can sanyi kuke gudu, mu zafi ke gasa mu. Ka taɓa kwana ƙarƙashin kwano a watan Maris?

Injiniya a Ingila: Kawu, da an gwada ƙasarka da ba ka ba mu labarin nan ba.

Sarkin Zolaya: Kawu bai yi asara ba, ya yi kiwon gara ne. A nemo mai kaji.

Hajiyar Sawaba: Ku dai masu gidaje ku ji tsoron Allah. Ɗiyata ɗaki ɗaya a Sawaba, an ce sai kuɗin shekara biyu a dunƙule. Dokar haya ta 1963 wata shida ta ce.

Mai Shagon Asawase: Hajiya, wata shida ba ya haƙa ramin masai. Doka ce za ta saya mana siminti?

Hajiyar Sawaba: Masai ɗin ma akwai? Na gwamnati take bi layi da asuba, da goyo.

Ɗan Akwatia Line: Na gode iyayena. To shekara 9 ɗin nan fa, in sabunta takarda tukuna ko in fara da rufi?

Sarkin Zolaya: Hajiya, ɗiyar taki tana da aure?