Bayan ɓari na biyu, yaushe zan sake neman ciki?

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, da likitoci da ungozomomi. Don Allah ku taimaka min da shawara, kaina ya kulle.

Na yi ɓari karo na biyu, duka kafin cikin ya cika wata uku. Wannan karon jinin ya ƙi tsayawa sai da aka yi min wankin ciki. Likitan da ya sallame ni ya ce idan na ga al'ada sau ɗaya kuma jikina ya murmure, zan iya sake gwadawa. Nas ɗin wajen awo kuwa ta ce in jira wata 6, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ke nan. Wanne zan bi? Shekarata 36, jiran ma tsoro yake ba ni.

Abin da ya fi ci min rai shi ne rukunin jinina. Sai a katin asibiti na wannan karon na ga an rubuta O negatif, maigidana kuwa B positif ne. An yi min allurar Anti-D yanzu, wato allurar da ke hana jikin mace mai jinin negatif yaƙar jinin ɗan cikinta idan positif ne, amma a ɓarin farko babu wanda ya ambata min ita. Rashin yin ta a lokacin zai iya cutar da cikin gaba? Akwai gwajin jinin da ke nuna hakan tun kafin in ɗauki ciki?

Ina shan folik asid kullum. Surukata kuma ta aiko min da jiƙo a jarka, yana nan bayan ƙofa ban taɓa ba, ga shi ba na son ɓata mata rai. Wane gwaji zan nemi a yi mana, ni da maigidan, in mun koma asibiti?