Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: yabo ne ko gori?

Ɗan Mokoyo: Assalamu alaikum. Jiya a wurin rabon gado ƙanena ya ɗaga murya a gaban manya, sai baffanmu ya dube shi ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai zafin rai, don haka yaron ya ɗauka gori aka yi wa mamaci, baffa kuma ya rantse jarumtaka yake yabo. Shin ana yin karin maganar nan a kan mugun hali?

Mushen Lakwal: Wa alaikumus salam. Ni a wurin yabo na san ta, tunda gudu shi ne ƙawar barewa. Amma duk wanda ya san barewa a daji, irin na Gadabeji can wajen Dakoro, zai gaya maka ɗanta ba da gudu yake fara rayuwa ba. Yakan miƙe jim kaɗan da haihuwa, sannan ya lafe cikin ciyawa kwana da kwanaki ko motsi ba ya yi, uwar tana kiwo nesa, tana zagayowa ta ba shi nono. Lafewar nan ba wanda ya koya masa, da ita aka haife shi, kuma da ya ce sai ya yi gudu irin na uwarsa tun ranar farko, da dila ya yi kalaci.

'Yar Tibiri: Mushe, ka tuna mini da kakata. Ba ta yarda zabuwa ta kwanta wa ƙwanta ba, domin ta ce zabuwa ba uwa ba ce, sai ta tsinto ƙwan a gindin kalgo ta sa wa wata tsohuwar kaza tata. Kaza ta saba da kwana 21, ga shi ƙwan zabo sai ya kusa kwana 28, haka baiwar Allah nan za ta daure har su ƙyanƙyashe. Tana yi musu tono, suna binta duk inda ta sa ƙafa, ta yi faɗa da shirwa a kansu. Ranar da fiffikensu ya yi ƙwari, magariba na yi suka tashi fir suka hau bedin tsakar gida, kaza ta tsaya a bakin akurki tana kira har duhu ya rufa. Kaka ta yi dariya har da ƙwalla, ta ce wa kishiyarta, wadda ke riƙon ɗan wani a lokacin, ta zo ta ga ƙarshen riƙo. Gabar da wannan magana ta haifar sai da ta kai su Sallar Layya.

Bagobiri: Allah ya jiƙan kaka. Irin zabin nan mun gan su a lokutan zaɓe: su kwana ƙarƙashin fiffikenka suna cin tsabarka, da sun samu kujera sai su hau bishiya suna yi maka kuka daga sama.

Mushen Lakwal: Bin kazar da suka yi ma halitta ce. Konrad Lorenz, masanin ƙasar Ostiriya da ya samu kyautar Nobel a 1973, ya nuna cewa 'ya'yan dinyar ƙasarsu sukan bi abin da suka fara gani yana motsi bayan ƙyanƙyasa, har shi kansa suka riƙa bi a matsayin uwa.

Malam na Bagalam: To ai shi ya sa ba a ɗora wa mutum hukuncin zabo. Ɗan jar akuyarmu ta Maradi yana faɗowa yake laluben nono, ba lada ba zunubi, amma ɗan Adam za a tambaye shi. Idan komai gado ne, ina za ku kai albasa ba ta yi halin ruwa ba?

Ɗan Mokoyo: Allah ya gafarta Malam, har yanzu ban ji abin da zan gaya wa ƙanena ba.

Bagobiri: Kafin nan, 'Yar Tibiri, da gari ya waye zabin sun sauko wurin kazar, ko shi ke nan?