Watanni biyu a sama, kalandata ta ƙi daidaituwa

Jama'a, na maƙale. Ina rubuta labarin wata ƙagaggiyar duniya mai wata biyu a sama: babban yana cika duk kwana 30, ƙaramin duk kwana 19. Shekararsu kwana 380 ce.

So nake babban bikinsu ya zama daren da watannin biyu ke cika tare, sau ɗaya a shekara, a farkon damina. Da na lissafa sai na ga ba sa haɗuwa sai bayan kwana 570, wato shekara ɗaya da rabi. Wannan karon bikin ya faɗo a damina, na gaba kuma tsakiyar rani, labarin ya wargaje.

Na gwada raba shekara zuwa wata 12 masu kwana 30, in ƙara kwana 20 a ƙarshenta, kamar yadda Misirawan dā suke ƙara kwana 5 kan 360. Shekara ta cika, amma farkon wata ya daina dacewa da tsayuwarsa. Na mai da ƙaramin kwana 20, sai suka koma haɗuwa duk kwana 60, bikin ya zama ruwan dare.

Don Allah, kwana nawa zan ba kowane wata domin su haɗu sau ɗaya tak cikin kwana 380?