Neman shawara: ana kiran ƙanina "gay" a makaranta, malaminsu ya ce wai ba zagi ba ne

Assalamu alaikum 'yan uwa. Adimin dan Allah a ɓoye sunana. Ni mace ce, a Tudun Wada muke nan Zariya, magana ce a kan autanmu, shekararsa 15. Yaron nan tun yana ƙarami shi ke taya Mama suyar waina da safe tunda mu matan duk mun yi aure, shi zai kai markaɗe ya dawo ya hura gawayi, har ya fi ni iya juya tanda wlh, ga shi muryarsa siririya ce kuma ba ya son ƙwallo. To tun zangon da ya wuce 'yan ajinsu suka sa masa suna gay, wasu su ce ɗan daudu, in ya wuce su dinga kwaikwayon tafiyarsa suna tafa hannu. Ranar Talata na je gida na tarar da shi a bakin rijiya yana ta dirzar rigar makaranta da omo, ashe da biro aka rubuta masa kalmar a baya bai sani ba, haka ya ratso kasuwa da ita har gida. Yana dirza yana share hawaye da kafaɗa don kar in gani.

Na je na samu malamin ajinsu, sai ya yi dariya ya ce wai gay a Turanci mai farin ciki take nufi, ba zagi ba ne, wasan yara ne. Kawunmu kuma ya ce laifin Mama ne, a hana shi shiga kicin ya koma zama cikin maza. Yanzu kwana uku kenan ya ce ciwon kai yake, ya ƙi zuwa makaranta. Dan Allah kalmar nan zagi ce ko ba zagi ba ce? Kuma in gaya wa Baba ko in rufe? Baba yana da zafi, ina tsoron kar ya huce a kan yaron.

Wani malamin Turanci, Samaru:
Wa alaikumus salam. Hajiya malamin nan ya faɗi rabin gaskiya ne ya ɓuya a bayanta. Eh asalin kalmar daga Faransanci ta shigo Turanci kuma da can mai fara'a da walwala take nufi, amma tun ƙarnin da ya wuce ma'anar ta koma namijin da ke sha'awar namiji, kuma su masu abin da kansu ne suka zaɓe ta a Amurka da Ingila don su guje wa sunayen wulaƙanci da ake kiransu da su. Shi ya sa a can in mutum ya kira kansa haka ba zagi ba ne, suna ne. Amma ko a can ɗin yara na jifan juna da ita a makaranta don cin mutunci kuma ana hukunta su. Balle nan. Yaron da ya lallaɓa ya rubuta a bayan rigar wani ai ba fatan farin ciki yake masa ba, kowa ya san me yake nufi, shi ma malamin ya sani.

Wani ɗan uwa, Sabon Gari:
Ni dai gaskiya kawunku na da hujja. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A raba shi da tanda, a kai shi koyon kanikanci ko walda, in ya saje da maza za su daina.

Wata uwa, Gyallesu:
Haba Malam. Mai shayin unguwarku mace ce? Masu tsire da balangu da ke PZ fa, da masu soya indomi da ƙwai a Kwangila har tsakar dare, duk ba maza ba ne? Sai da yaro ya taimaki uwarsa ne girki ya zama abin kunya. Nana A'isha da aka tambaye ta me Annabi (SAW) yake yi a gida cewa ta yi yana cikin hidimar iyalinsa, yana nan a Bukhari. Ni nawa ɗan shi ke min tuwo ranar da hawan jini ya kwantar da ni, wlh addu'ar da nake masa ban yi wa kowa irinta. Baiwar Allah kar ku hana shi, in kuka hana shi yanzu kun nuna masa kenan kun yarda da maganar yaran.

Wani ɗalibin ilimi, cikin birni:
'Yar uwa abin da mutane ba sa lura da shi, wannan ba zagi kawai ba ne, tuhuma ce. A Risala ta Ibn Abi Zaid da muke karantawa a zaure an faɗa ƙarara, wanda ya ce wa namiji "ya kai ɗan luwaɗi" ana yi masa haddi, haddin ƙazafi kuwa bulala 80 ne kamar yadda ya zo a Suratun Nur aya ta 4. Canza kalmar zuwa Turanci bai canza abin da ake nufi ba. Ga kuma Hujurat aya ta 11 da ta hana jifan juna da munanan laƙubba, ta 12 ta hana mummunan zato da bin diddigi. Hukuncin aikin kansa a addini sananne ne ba na jayayya a kai, amma ina aikin a nan? Murya ce da tafiya da suyar waina. Kuma Imam Nawawi a sharhin Muslim ya rarrabe, wanda aka halicce shi da laushin murya da motsi ba shi ya ƙirƙira ba babu zargi a kansa, wanda hadisi ya la'anta shi ne mai kwaikwayon mata da gangan.

Wata ɗalibar shari'a, Kongo:
Ki ɗauki abin da zafi Anti. Tun dokar da Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014, mai ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, kalmar nan ta zama abin da ake iya halaka mutum da ita, a watan ma jama'a suka yi ta jifan wata kotun shari'a a Bauchi da duwatsu saboda waɗanda ake tuhuma. In suna ya bi yaro daga aji zuwa unguwa ba wanda zai tsaya tambayar hujja. Ki rubuta takarda zuwa ga shugaban makarantar, ki sa kwanan wata, ki ɗau hoton rigar in rubutun bai fita ba, ki ajiye kwafi.

Wani magidanci, Hanwa:
Ni an yi min. Makarantar kwana na yi, shekara shida ana kirana ɗan daudu don ba na faɗa kuma ina son tsafta, har siniyoyi su sa ni in yi rangwaɗa a gaban hostal suna dariya. Na koma taka ƙasa da ƙarfi ina kumbura murya, har sigari na fara sha don a ce ni namiji ne. Yau ina da mata da yara huɗu, amma har yanzu in na ji ana dariya a bayana sai gabana ya faɗi. Kuma abin da na gano da na girma, mutanenmu sun haɗa abu biyu sun cakuɗa, daudanci salon magana ne da sana'a irin ta sayar da abinci a tasha, waccan kuwa magana ce ta abin da ke zuciyar mutum, ba a karanta ta a tafiya ko a murya. Akwai mai laushi da ba ruwansa, akwai ƙato mai gemu da ba wanda zai taɓa zarginsa. Abin da na so a lokacin ɗaya ne tak, wani a gidanmu ya ce min "na san ka, ba abin da ya same ka". Ba wanda ya faɗa.

Wata nas, Shika:
Ki lura da cin abincinsa da barcinsa, yaron da ake wa irin wannan yakan shiga damuwa sosai har ya fara tunanin cutar da kansa. Ki zauna da shi ku biyu, kar ki tambaye shi "gaskiya ne?", ki tambaye shi wa ke takura masa, kuma akwai wanda ya taɓa kai masa hannu, don yaran da aka ware su ne mugaye ke fara nema. Duk abin da ya faɗa miki ki riƙe fuskarki, ƙaninki ne dai kafin maganar da bayanta.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam na Hanwa maganarka ta sa ni kuka, jiya da daddare na faɗa masa kalmomin nan naka, bai ce komai ba sai ya kwantar da kai a cinyata kamar yana ɗan shekara biyar. Rigar ba ta fita duka ba, na ɗau hoto. Baba kuma mun yanke da Mama cewa Yaya babba ne zai same shi bayan isha'i ya fara masa da maganar ƙazafin, sannan ranar Litinin su tafi makarantar tare da takardar. Yau da asuba dai ya tashi ya hura wa Mama gawayi, amma ya ce a bar shi ya soya daga cikin gida, ba a ƙofa ba.