Tubabbu ko "wai" tubabbu?

Garba Aboabo: Salamu alaikum 'yan Kumasi. Shekara uku ina neman mai tallafa mini da keken ɗinki, shiru. Yau kuma na ji wasu ƙungiyoyi na son gwamnatin Ghana ta bar su su riƙa shiga gidan yari suna koya wa masu tsattsauran ra'ayi sana'a, wai tubabbu. Sai mutum ya ɗauki bindiga za a san da zamansa?

Malam Sani: Garba, cire "wai" ɗin nan. Kai ka tsaga ƙirjinsu ka duba?

Hajiya Rabi: Allah gafarta Malam, tuba tsakanin bawa da Ubangijinsa ne. Tun 2016 Najeriya ke kai irinsu sansanin Malam Sidi a Gombe, a yaye su. Je ka tambayi matan Borno da aka mayar zawarawa ko sun yarda a sauke musu su a unguwa.

Malam Sani: To a bar su a gidan yarin Nsawam cikin cunkoso, su yi ta hure wa ƙananan ɓarayi kunne? Gandiroba kulle ƙofa ya iya. Warware gurɓatacciyar fassarar aya sai malami.

Ɗanlami Asawase: Wane malamin? Na Tijjaniyya ko na Ahlussunna?

Malam Sani: Yaro, kama bakinka.

Baba Isa: Ku da kuka karɓo mutum biyu 'yan Yaman daga gidan yarin Amurka na Gwantanamo a 2016, lokacin Mahama, yau ku ne masu tsoron tubabbu?

Hajiya Rabi: Su wa kake nufi da "ku", Baba? Ni ban taɓa dangwala wa lema, alamar jam'iyyar NDC ta Mahama, ba.

Ɗanlami Asawase: Kotun Ƙoli ta ce a 2017 an taka tsarin mulki tunda ba a bi ta majalisa ba. Giwa, wato jam'iyyar NPP, ta hau mulki, ta mayar da su? Kuma Baba, wa suka taɓa a Ghana?

Baba Isa: Ubanka ma bai yi mini wannan tambayar ba.

Garba Aboabo: Jama'a, maganar keke nake yi fa.

Hajiya Rabi: Ɗanlami, ba wa Baba haƙuri.

Ɗanlami Asawase: Don na faɗi shekara?

Shugaban zaure: Na karanta duka. Kusan kowa ya yarda da Malam Sani, malamina tun ina allo, cewa a shigar da malamai cikin aikin. Hajiya ta kawo labarin wata ƙasa, Ɗanlami ya kawo rashin kunya. Na cire shi sai bayan Juma'a.