Abin da muka tattaro kan harajin masu yin bidiyo a Kumasi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Maganar da muka yi kan yadda masu yin bidiyo za su biya haraji ta yi tsawo, ga abin da na tsinto daga bakin jama'a.

1. Kowa ya yarda kuɗin YouTube, TikTok da na tallan 'yan kasuwa kuɗin sana'a ne, ko da dala ce ta shigo daga waje. Mazaunin Ghana yana bayyana wa GRA, hukumar haraji ta ƙasar, duka.

2. Lambar Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, ita ce lambar harajinka tun 2021. Ana miƙa lissafin shekara kafin ƙarshen Afrilu, ana biya sau huɗu cikin shekara.

3. Abin da ake cirewa daga kuɗin shiga kafin a lissafa haraji: data, kuɗin mai tace bidiyo, hayar wurin ɗauka, kuɗin mota na tafiyar aiki (ban da zirga-zirga daga gida zuwa wurin aiki). Kwamfuta da kyamara ba a cire kuɗinsu gaba ɗaya a shekara guda, kaɗan-kaɗan ake yi. Kwamfuta kashi 40 cikin 100 ne a shekara.

4. A nan aka rabu: wayar da kake aiki da ita kuma kake kiran gida. Wasu sun ce a cire duka, wasu sun ce kason aiki kawai. Ni ina tare da na biyun, domin doka ba ta yarda a cire hidimar gida ba. Kayan sawa ma an ja sosai, masu bidiyon kwalliya ba su gamsu ba.

5. Amurka na yankar haraji daga kuɗin da ka samu ta hanyar masu kallo da ke can. Ka ajiye shaidar, za ta yi amfani wurin GRA.

6. Rasit da saƙonnin MoMo (tura kuɗi ta waya) a adana su shekara 6. Wanda ya sayi kaya a kasuwar Adum ko Kejetia, don Allah ya nemi rasit tun a shagon.