Android ko iPhone: Ta ina mai gina manhaja zai fara?

A wata tattaunawa da aka yi kan wannan tambaya, bakin masu ba da shawara ya zo ɗaya cewa sabon shiga ya fara da Android. Kotlin (harshen rubuta manhaja) da Android Studio (manhajar da ake rubutun a cikinta) sun wadatar, rajistar Play Store kuma dala 25 ce, sau ɗaya tak. Ta Apple dala 99 ce duk shekara, ga shi Xcode, manhajar da ake gina manhajojin iPhone da ita, ba ya aiki sai a Mac, kwamfutar Apple.

An ɗan yi ja-in-ja kan Flutter, wani kayan aikin gina manhaja: rubutu ɗaya na hawa wayoyin biyu, amma kyamara da sanarwa kan buƙaci gyara daban.

Ga mai gina shafin intanet kuma, gargaɗin da aka fi nanatawa shi ne, Chrome na iPhone injin nuna shafuka na WebKit ne a cikinsa, irin na Safari, burauzar Apple, don haka shafin da ya zauna daram a Android yana iya karkacewa can. A kuma riƙa gwaji a tsohuwar waya mai ƙaramin RAM (ma'adanar wucin gadi da waya ke aiki da ita), nan nauyin manhaja ke bayyana.